Sayen Injin Wanki: A Tambayi Rijiya Kafin Mai Kanti

A zaman asusun gama-kai na reshenmu da muka yi kafin hutun zangon da ya wuce, an karanto jerin kayan da za a ɗauko wa mambobi bashi, a riƙa cire kuɗin kaɗan-kaɗan daga albashi. Akwai buhun shinkafa da na masara, akwai taki saboda damina, akwai babur da keken ɗinki da firji. Da na ɗaga hannu na ce a ƙara injin wanki, sai ɗakin ya ɗauki dariya. Wani dattijo daga cikinmu, wanda nake ganin girmansa ƙwarai, ya dube ni ya ce, "Malama, mu da muke fafutukar na tuwo, ina mu ina kayan 'yan gayu?" Ban ji haushi ba, domin shekara uku da suka wuce ni ma abin da zan faɗa ke nan. Sai dai na lura cewa yawancin masu dariyar ba su ne ke tsugunawa gaban baho ranar Asabar ba. Ranar ban samu damar kare maganata ba saboda lokaci ya ƙure, shi ya sa na roƙi wannan fili.

Mu takwas ne a gidanmu: ni da maigida, da yara biyar, da Inna mahaifiyarsa. Kowane yaro yana da yunifom na boko da na Islamiyya, ga hijabai, ga kayan zaman gida, ga zannuwan gado. Duk wanda ke zaune a Rigachikun ya san abin da jar ƙurar hunturu take yi wa farar riga tsakanin ƙofar gida da bakin titin Zariya, ya kuma san abin da taɓon Agusta yake yi wa safa. Kafin mu sayi inji, ni da babbar 'yata mukan fara wanki bayan sallar asuba, ba mu shanya na ƙarshe sai an kusa kiran azahar. Na taɓa zama na yi lissafi, irin wanda muke koya wa 'yan aji huɗu: awa shida a mako, cikin zango mai mako 13, awa 78 ke nan, ban da ɗan wankin tsakiyar mako. A cikin waɗannan awoyi ya kamata in rubuta tsarin darasi, in duba littattafan yara, in huta. Abin da ya faru shi ne ina yin waɗannan da daddare, ido na rufewa, jan biro na karkacewa.

Lokacin da gwamnatin jiha ta mayar da makarantun gwamnati kwana huɗu a mako a farkon 2022, an ce ma'aikaci zai samu lokacin hutu da iyali da gona. Malamai maza da yawa sun samu gonar. Mu kuwa Juma'ar nan baho ya cinye ta. Hedikwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, wadda aka kafa a 1976, ga ta nan a bakin ƙofarmu, kuma darussanta na ƙarin ilimi a ƙarshen mako ake yin su. Na san malamai mata da suka yanki fom suka fara, suka sare a hanya. In ka tambaye su za su ce hidimar gida ce. In ka bi diddigin hidimar, rabinta wanki ne.

Amma ba don kaina kaɗai nake magana ba. Shekara ashirin da wani abu ina riƙe da alli, kuma na daɗe ina lura da abin da ke faruwa ranar Litinin. In na karɓi aikin gida, sau da yawa yarinyar da na san tana da ƙwaƙwalwa ita ce za ta sunkuyar da kai. In na kira ta gefe, hannuwanta ne ke ba ni amsa kafin bakinta: 'yan yatsu sun yi fari, fata ta tsattsage saboda omo. Ɗan'uwanta da ke ajin gaba ya yi nasa aikin, har ya samu lokacin ƙwallo. Mu ne muke tsayawa a taron iyaye da malamai muna wa'azin ilimin 'ya mace, sannan mu koma gida mu miƙa wa tamu 'yar baho uku. Ni ma na yi haka shekaru, har sai da babbar 'yata ta zo shekarar jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, na ga sakamakon zangon farko, na san ba rashin ƙoƙarinta ba ne.

Wannan ba tunanin matan Rigachikun ba ne kawai. Wani masanin tattalin arziki ɗan Koriya ta Kudu, Ha-Joon Chang, ya yi hujja a littafinsa na 2010 cewa injin wanki ya sauya duniya fiye da intanet, saboda lokacin da ya 'yanto wa mata har suka shiga karatu da aikin albashi. A wannan shekarar kuma likitan nan ɗan Suwidin, Hans Rosling, ya ƙiyasta cewa daga cikin mutum biliyan bakwai na duniya a lokacin, kimanin biliyan biyu ne kawai ke da injin wanki, saura da hannu suke yi. Ya ba da labarin yadda mahaifiyarsa, bayan ta samu inji, ta samu sukunin kai shi ɗakin karatu tana karanta masa littattafai. Mutum yana iya musun Chang a kan intanet, amma malamin firamare ba zai yi musun abin da karatun uwa ga ɗa yake haifarwa ba.

To, in mun yarda inji kayan aiki ne kamar keken ɗinki, sai a zo ga inda ake yin asara, wato wajen zaɓe. Kowace shekara in aka buɗe kasuwar baje koli ta ƙasa da ƙasa a filinta da ke nan garinmu, muna shiga da yara mu ga injuna jere, masu ƙofar gilashi, masu fitilu da kiɗa in sun gama aiki. Ido yakan ƙyasa. Wata abokiyar aikina ta gani ta ƙyasa, ta tara kuɗin adashi na kusan shekara, ta shiga wani kanti a cikin gari ta ɗauko mai ƙofa a gaba, mai yin komai da kansa. Gidanta kuwa na haya ne, ruwansu daga rijiya da guga, babu tankin sama. Sau uku ta yi wanki da shi. Yau yana nan a kusurwar falo an lulluɓe shi da leshi, an ɗora masa filas da hoton biki, ita kuma tana tsakar gida gaban baho. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Injin ba shi da laifi, lafiyarsa lau. An yi shi ne don wani gida dabam, ba nata ba.

Injunan da ke kasuwa iri uku ne. Akwai mai ƙofa a gaba da mai murfi a sama, waɗanda ake kira otomatik, su ne ke jawo ruwa da kansu, su wanke, su ɗauraye, su matse. Sai kuma mai baho biyu, wanda masu kanti ke kira manuwal: baho ɗaya na wanki, ɗaya na matsewa, kai ne za ka zuba ruwa da bokiti, ka murɗa maɓallin lokaci, ka kwashe kaya daga wannan baho zuwa wancan. Ra'ayina, bayan shekara biyu ina amfani da shi, na kuma leƙa gidajen abokan aiki, shi ne mai baho biyu ya fi dacewa da mafi yawan gidajen malamai a wannan yanki. Shi ne mafi araha, amma ba arahar ce hujjata ba, domin araha ba ta ado. Hujjata ita ce wuta da ruwa.

A fara da wuta. Tun Afrilun 2024 hukumar da ke kula da wutar lantarki ta ƙasa ta ɗaga farashin rukunin farko, wanda aka ce zai riƙa samun aƙalla awa 20 a rana, har yunit ɗaya ya haura naira 200. Rukunan ƙasa an yanka musu awa 16, 12, 8, har zuwa 4. Kowa ya san rukunin da aka rubuta wa layinsa, kowa kuma ya san abin da ƙwan ɗakinsa yake gaya masa. Injin otomatik yana buƙatar wuta tsayayya ta awa ɗaya ko fiye kafin ya kammala zagaye guda. In aka ɗauke a tsakiya, mai ƙofa a gaba zai tsaya da ruwa a cikinsa, kuma ba ka da damar buɗe ƙofar sai ka tsiyaye ruwan ta ƙasa, ko ka bar yunifom ɗin Litinin ya kwana a jiƙe. Ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da shi, wadda masu gyara ke kira fanel, ba ta jure wutar da ke hawa da sauka, kuma in ta ƙone kuɗinta yakan ci wani kaso mai tsoka na kuɗin injin. Ga shi kuma yana da hita na dumama ruwa mai jan wat kusan 2,000, abin da ƙaramin janareto ba zai ko gwada ɗauka ba.

Mai baho biyu ba ya wannan shagwaɓa. Maɓallin lokacinsa na wanki minti 15 ne, na matsewa minti biyar. In aka kawo wuta na rabin awa ka ci riba, in aka ɗauke ka ɗaga murfi ka ƙarasa da hannu. Motarsa ta wanki takan ja tsakanin wat 300 zuwa 450 gwargwadon girmansa. A ce wat 400 ne ka yi awa biyu cur yana juyawa, ba ka cinye yunit ɗaya cikakke ba, wato ko a farashin rukunin farko bai kai naira 200 ba. Dutsen guga ya fi shi cin wuta nesa ba kusa ba. Ƙaramin janareto yana iya ɗaukar matsakaicinsa in an kashe firji da sauran kaya, sai dai a tuna cewa mota takan ja wuta mai yawa a daidai lokacin tashi. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 ni dai na daina ƙona mai saboda wanki. Mun koyi jiƙa kaya tun dare, mu ajiye ruwa a cike, da an kawo wuta a tashi, ko da ƙarfe huɗu na asuba ne. Masu sola mai ɗan ƙarfi kuwa, da rana tsaka suke nasu.

Maganar ruwa ta fi ta wuta sarƙaƙiya, kuma dole in yi adalci. Mai ƙofa a gaba shi ne ya fi kowane inji tattalin ruwa, yakan gama zagaye da lita 50 zuwa 60, jarka biyu da ɗan ƙari. Wanda ke da rijiyar burtsatse da tankin sama da wuta mai tsayawa, ya saye shi, zai ji daɗinsa, ba ni da ja. Amma otomatik ba ya shan ruwan bokiti. Sai an haɗa shi da famfo mai ƙarfin turi, kuma in tankin bai yi tsawo ba ruwan zai riƙa ɗiga har injin ya gaji da jira ya tsaya. Ruwan rijiyoyinmu kuma yana zuwa da laka da yashi, musamman a Maris da Afrilu lokacin da rijiya ke ja baya, kuma wannan lakar takan toshe 'yar rariyar da ke bakin bututun shigar ruwa. Otomatik mai murfi a sama kuwa yakan sha fiye da lita 100 a zagaye ɗaya. Wanda ke sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa ya lissafa jarka nawa ke nan daga cikin kura, ya ninka da yawan zagayen da gidansa ke buƙata a mako.

Shi mai baho biyu, yawan ruwan da zai sha yana hannun mai amfani da shi. Mai sakaci zai ɓarnatar da durom guda. Mu ga yadda muke yi: farare ne ke fara shiga ruwan omo, a matse su a mayar da kumfar, sannan masu launi su shiga ruwan nan, daga ƙarshe wandunan yara da tsummoki. Ruwan ɗauraya na ƙarshe ba a zubar da shi, shi ne ruwan wankin zagaye na gaba, abin da ya rage kuma ya tafi banɗaki da kwantar da ƙurar tsakar gida. In ruwan rijiya ne, a ɗebo tun jiya a bar shi ya kwanta a durom, a kamfato na sama. Iyayenmu da ma haka suke tattalin ruwa da baho, injin nan bai hana ba, otomatik ne ke hanawa.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne bahon matsewa ya fi na wankin amfani. A watan Agusta, lokacin da kaya ke kwana biyu a igiya suna tsami, yunifom ɗin da aka matse a inji yakan bushe a inuwar baranda kafin yamma. Wuyan hannuna ma ya daina ciwon da nake ɗora wa rubutun allo.

Inna ce ta tayar da maganar tsarki, kuma tambayarta tana kan hanya. Mun taso an karantar da mu cewa najasa ba ta gushewa sai da ruwa tsantsa wanda sabulu bai sauya shi ba. Saboda haka kayan jariri da duk tufar da najasa ta taɓa, a wanke wurin da ruwa mai tsarki tukuna kafin a jefa cikin inji tare da sauran kaya, sannan a yi ɗauraya ta ƙarshe da ruwa garai. Da ta ga ana kwarara ruwa a bahon matsewa yana fita ta ƙasa, hankalinta ya kwanta.

Game da girma, kilon da aka rubuta a jikin inji nauyin busassun kaya ne, ba jiƙaƙƙu ba. Gida mai mutum biyar ko shida, mai kilo 7 ko 8 ya ishe shi. Gida irin namu, ko mai son wanke bargo, ya nemi mai kilo 10. Kada a ɗauko ƙato don a burge maƙwabta, domin kowane zagaye sai ka cika shi da ruwa. Kada kuma a ɗauko ƙarami a riƙa danna masa kaya har wuya, wannan shi ne ke tsinka bel ya ƙona mota.

Sunayen da ke kasuwa sananne ne: LG, Haier Thermocool, Hisense, Scanfrost, Nexus, Midea da sauransu. Ba zan zaɓar wa kowa ba. Shawarar da zan bayar ita ce wadda maigida ya bi, kuma ta fi duk wani talla amfani: kafin ya je kanti sai da ya fara zuwa Panteka wurin masu gyara, ya tambaye su wane iri ne ake samun kayan gyaransa a Kaduna ba sai an aika Legas ba, wane ne kuma ya fi yawan dawowa teburinsu. Mai kanti ranar ciniki kaɗai yake ganin inji, mai gyara kuwa yana ganinsa bayan shekara uku. Abubuwan da ke lalacewa a mai baho biyu, wato bel da kafasita da maɓallin lokaci, ƙanana ne, kuma duk mai gyaran fanka da ya ƙware yana iya canza su. A kuma tambaya ko wayar motar ta jan ƙarfe ce ko ta alminiyom, ta jan ƙarfe ta fi jure zafi.

Masu sha'awar na hannu, irin wanda ake shigowa da shi daga Turai da Amurka, su yi hattara. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230, injin can ba zai zauna a soket ɗinmu ba sai da taransifoma, kuma ko da ita ba lalle ya yi aiki daidai ba. Na Turai kuwa galibi masu ƙofa a gaba ne masu hita, sun kuma riga sun ci rabin rayuwarsu. In sabo ne, a sa a gwada shi a kanti a gabanka, bahon wanki da na matsewa duka, a karɓi rasit da takardar garanti mai hatimi da kwanan wata, a tambayi inda wurin gyaran kamfanin yake. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ta ba mutum damar mayar da kaya mai aibi, amma wanda ba shi da rasit da me zai kafa hujja?

In ya iso gida, akwai abin da bai kamata a yi wasa da shi ba. Ruwa da wuta ne a wuri ɗaya, mai wanki kuma sau da yawa ba takalmi a ƙafarta. A kira mai aikin wuta ya kafa soket a bango, sama da inda ruwa ke fantsama, mai wayar ƙasa ta gaske, kada a ja wayar ƙari a kwantar a kan jiƙaƙƙen siminti. Kada a bar baho cike da ruwa inda mai rarrafe ko ɗan tatata yake, kada kuma yaro ya sa hannu a bahon matsewa kafin ya tsaya cak. Jikin injin roba ne, rana tana gasa shi ya tsage, ɓeraye kuma suna son wayoyin ƙarƙashinsa. Wanda ke gidan haya ya san inda ruwan zai bi tun kafin ya saya, domin rigimar kwata ta raba maƙwabtan da suka fi mu zumunci.

Ba kowace tufa ce ta inji ba. Babbar riga mai aiki, da shadda mai maiƙo, da leshi mai duwatsu, da hula, da sabuwar atamfa mai zuba, duk waɗannan hannu suke so, ko a kai wa masu wanki da guga waɗanda suka san sitaci da bugu. Na faɗi wannan ne saboda wani ya ce inji zai kashe musu sana'a. Kayan da malamin firamare yake kai musu da ma na Juma'a ne da na salla, kuma su zai ci gaba da kaiwa. Wankin da injin zai ɗauke shi ne wanda ba a taɓa biyan kowa a kansa ba, sai fa ɗan almajirin da ake ba ragowar tuwo ya wanke kayan gida guda, kuma ban ga yadda malami zai tsaya ya kare wannan tsari ba.

Akwai kuma masu cewa wanki tarbiyya ne, yarinyar da ba ta iya ba za ta ba da kunya a gidan miji. Gaskiya ne ya kamata ta iya. Amma koyon wanki ba ya buƙatar awa shida kowane mako har shekara goma, kamar yadda ba ma sa yaron da ya iya haruffa ya ci gaba da maimaita su har aji shida. Kuma mai baho biyu bai kori hannu ba: wuyan riga da hammata sai an cuɗa, ruwa sai an ɗauko, kaya sai an shanya an ninke. Wani abin dariya a gidanmu shi ne, samarin nan biyu da ba su taɓa kusantar baho ba, da suka ga abu mai maɓalli da ƙara, sai suka karɓe shi. Yanzu su ne ke ɗebo ruwa su murɗa, har suna gardamar wanda ya fi sanin ma'aunin omo. Ban hana su ba.

Saura maganar dattijonmu, wadda ita ce mafi nauyi, wato kuɗi. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo. An sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024, jiharmu ta ayyana 72,000, amma kowannenmu ya san abin da ke shiga asusunsa da ranar da yake ƙarewa. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari cewa inji ba ya gaban abinci, ba ya gaban magani, ba ya gaban kuɗin makaranta. Wanda bai cika rumbu ba ya dakata. Ban kuma yarda a ci bashin manhajar waya ko wani bashi mai ruwa saboda shi ba. Mu da muka ga 2017, lokacin da aka sallami malaman firamare sama da 21,000 bayan jarrabawar gwaji, muka sake ganin sama da 2,000 a 2022, mun san dogon bashi a kan albashi ba abin wasa ba ne. Amma a duba jerin namu da idon basira. Mun sha amincewa da talabijin mai faɗi da babbar waya ba wanda ya yi dariya. Muna aurar da 'ya'ya mu cika musu ɗaki da jeren kwanukan da ba za a taɓa cin abinci a ciki ba. Da za a rage saiti biyu daga kayan ɗaki a sa inji a gurbinsu, da amaryar da ke son ci gaba da karatu ta fi gode mana.

Ga abin da zan sake gabatarwa a zama mai zuwa. Asusun gama-kai ya nemi dila ɗaya ko biyu a yi cinikin sari, mai baho biyu, girma biyu kawai, da garanti a rubuce da sunan mai gyaran da za a kira. Biya kada ya wuce wata goma. Wanda ke da tanki da wuta mai tsayawa ya ce otomatik yake so, a ba shi, amma ya haɗa da sitabilaiza. Malamai biyu da ke gida ɗaya ko maƙwabtaka su samu damar haɗa hannu su ɗauki ɗaya, tunda mai baho biyu ba shi da nauyi, mutum biyu suna ɗaga shi. Kwamitin sayayya kuma, wanda a yanzu duk maza ne, a sa mata biyu a ciki.

Kafin ranar ina roƙon duk mai sha'awa ya yi ɗan aikin gida na mako biyu: ya rubuta awa nawa ake samun wuta a layinsa da kuma lokutan da take zuwa, jarka nawa ake kashewa a wanki, da wanda ke yin wankin da awoyin da yake ɗauka. A zo da takardar wurin zama. Dattijonmu kuwa, Allah ya ƙara masa girma, na riga na aika masa da tasa takardar ta hannun Hajiyarsa, ita ce ta ce za ta cike masa.